Bata: Inda Turawa Suka Ja Layi Don Sa Ido Kan Sarki, Baƙo Da Kasuwa

Duk wanda ya san harkar finafinan Hausa a shekarun 1990 da na 2000, to ya san Bata. Nan ne matattarar 'yan kasuwar kaset, nan furodusa kan kawo kwalin sabon fim ɗinsa, nan kuma masu sari daga Zariya da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram suke sauka, a gefe ga masu baza littattafan soyayya. Sunan wurin ya samo asali ne daga kantin kamfanin takalma na Bata, kamfanin da aka kafa a 1894 a garin Zlin na ƙasar Cek ta yanzu. Sai dai kaɗan ne daga cikin masu hada-hada a wurin suka lura cewa a kan iyaka suke tsaye. Ta wannan gefe ga Fagge, bayanta ga ganuwar birni. Ta wancan gefe ga Sabon Gari. Idan ka bi ta wajen kasuwar Singa kuma sai ka faɗa tsohuwar unguwar kantunan Turawa da tashar jirgin ƙasa, gaba da su ga Nassarawa da Bompai.

Wannan tsari Turawan mulkin mallaka ne suka zana shi da gangan. Abubuwa uku ne suka fi hana su barci a Kano: sarki, da baƙo, da kasuwa. Saboda haka sai suka ba kowanne muhallinsa daban, inda ido zai riƙa kai masa cikin sauƙi. Abin da ba su yi lissafi da shi ba shi ne, a tsakankanin waɗannan muhallai ne abubuwan da suke gudu za su tsiro, kuma harkar fim da ta littafi suna cikin waɗanda suka ci gadon wannan tsakani.

Daga bakin teku aka koyo dabarar

Kafin Turawan Ingila su iso ƙasar Hausa, sun riga sun gwada hannunsu a bakin teku. A 1885 suka ayyana yankin kogunan manja na kudancin Nijeriya ta yau a matsayin ƙasar da ke ƙarƙashin kariyarsu, a 1893 kuma suka faɗaɗa ta. Aikin jami'ansu a can shi ne su san abin da kowane sarki yake ciki, da wanda ya shiga ƙasarsa ko ya fita, da yawan gangunan manjan da suka wuce.

Sarki Jaja na Opobo ya hana fataken Turawa shiga kasuwannin cikin ƙasa su sayi manja kai-tsaye. A 1887 wani jami'i mai suna Harry Johnston ya gayyace shi ganawa a jirgin ruwa bisa alkawarin ba abin da zai same shi, daga nan aka wuce da shi Ankara aka yi masa shari'a, aka kai shi tsibiran Karebiyan. Ya rasu a 1891 a hanyar dawowa gida. Nana Olomu na Itsekiri ya bi sahu a 1894, shi ma kan batun ciniki. A 1897 aka ci Benin da yaƙi bayan an hallaka wata tawagar Turawa da ta nace sai ta shiga garin a lokacin da aka ce ta dakata, aka kai Oba Ovonramwen Kalaba inda ya rasu a 1914. Darasin da Turawa suka ɗauka shi ne, da rahoto da takarda da jirgin kora ana iya juya sarki ba sai an yi ta yaƙi kullum ba. Da wannan darasi Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja ran 1 ga Janairu, 1900.

Ido kan sarki

Tun kafin a harba bindiga ko ɗaya a Kano, labarinta yana kan teburin Lugga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cikin waɗanda suka riƙa kai rahoto akwai wani falke mai suna Adamu Jakada, wanda rahotanninsa na tsakanin 1899 da 1901 suna nan a ajiye, har masana tarihi sun buga su. Falke ba ya jan hankali, yana shiga kowace kasuwa da kowane zaure, ya ji shirin da ake yi, ya ga ƙarfin gari.

Ran 3 ga Fabrairu, 1903 rundunar Kanar Morland ta ci Kano, a lokacin Sarki Alu Maisango yana Sakkwato. Daga baya aka kama shi, aka kai shi Yola, sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Aka naɗa Wambai Muhammadu Abbas. To amma wannan naɗi ya sha bamban da na da. Sarki yanzu takardar naɗi ake ba shi mai ɗauke da sharuɗɗa, da sanda, kuma wanda ya bayar yana iya karɓewa. Sama da shi ga Razdan, ƙarƙashin Razdan ga su Di'o masu rangadi, tsakaninsu da fada kuma ga tafintoci da masinjoji da akawuna, waɗanda kowannensu kunne ne. Razdan yana rubuta rahoto a kai a kai zuwa ga Gwamna, ciki har da halin sarki da na hakimansa ɗaya bayan ɗaya: wane yana da himma, wane yana da nawa wajen tara haraji, wane ba a yarda da zuciyarsa ba.

Razdan na farko a Kano shi ne Dokta Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma. A da hakimai a birni suke zaune kusa da sarki, jakadunsu ne ke zuwa karkara. Cargill ya yanka ƙasar gunduma-gunduma, aka tura hakimai can su zauna. An ce don gyaran haraji ne, kuma akwai gaskiya a ciki, amma hakimin da ke zaune shi kaɗai a gundumarsa ya fi sauƙin bincike ga Di'o fiye da wanda ke cikin taron fada. A 1908 Cargill ya wuce gona da iri. Ya ɗauko Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, bawan sarki, ya ba shi sarautar Waziri, ya mai da shi ƙofar da kowace magana za ta bi tsakanin fada da bariki. Garin gyaran gira aka kusa rasa ido, domin mulkin ya rikice. Ba a jima ba aka ɗauke Cargill daga Kano, kuma da Temple ya karɓi aikin a 1909 sai ya warware wannan naɗi, ya mayar wa Sarki Abbas da martabarsa.

Daga nan Turawa suka koma ga hanya mai laushi amma mai ƙarfi, wato Baitulmali. Haraji ya daina shiga hannun sarki kai-tsaye, sai asusun En'e, da kasafi a rubuce, sarki da hakimai da alƙalai kowa aka yanka masa albashi. Wanda ke duba littafin kuɗinka kuwa ba sai ya laɓe a bayan ɗakinka ba. Wanda ya ƙi, ga misalai a maƙwabta: an tuɓe Sarkin Katsina Yero a 1906, sannan a farkon shekarun 1920 aka tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, shahararren marubucin waƙoƙin nan, aka kai shi Lakwaja inda ya rasu a 1924. A Kano kuma, da Abdullahi Bayero ya hau gadon sarauta a 1926, Turawa sun yi amfani da damar suka karya ikon manyan bayin sarki, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, waɗanda suke gani su ne labulen da ke hana su hango cikin fada. Hatta hawan Nassarawa da muka gada, asalinsa ziyarar da sarki kan kai wa Razdan ne da salla.

Ido kan baƙo

Sa ido kan baƙo tsohuwar al'ada ce a Kano, akwai sarakunan ƙofa, akwai fatoma mai saukar da fatake wanda ya san kowa da kayansa. A 1900 da Bishop Tugwell da Dokta Miller suka shigo birnin ba da izini ba, Sarki Alu kwanaki kaɗan ya ba su su tattara su fita. Abin da Turawa suka ƙara shi ne rarraba baƙi aji-aji, da ba kowane aji unguwarsa da dokarsa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Tare da shi akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa suka kwararo daga Ikko da sauran kudu, da Saliyo, da Gwalkwas wato Gana ta yau. Wajen 1913 aka yanka musu Sabon Gari. Turawa na da dalilai biyu. Na fili shi ne alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addini ba, don haka mishan da majami'u da giya sai a wajen ganuwa. Na ɓoye kuma shi ne, waɗannan baƙi sun yi boko, suna karanta jaridun Ikko masu caccakar gwamnati, sun san lauya, sun san ƙara. Turawa ba sa son talakan birni ya koyi wannan. Sai aka cire Sabon Gari daga hannun sarki aka sa ta ƙarƙashin majistare Bature, kuma dokar garuruwa ta 1917 ta ƙara tabbatar da hakan. Fili a Sabon Gari da izinin hukuma ake samunsa, kuma ana iya ƙwacewa. 'Yan Arewa da ba Kanawa ba, irin su tsofaffin sojoji da leburori, aka nufa da su Tudun Wada. Su kansu Turawan suka keɓe a Nassarawa da Bompai, da ƙa'idar barin fili na yadi 440 ba gini tsakaninsu da baƙar fata, wai don gudun sauro.

A farkon shekarun 1930 aka kafa wa Sabon Gari kotun haɗaka, aka kuma naɗa mata shugaba, wani mutumin Gwalkwas mai suna G.E. France. Titin France da mutane da yawa suke zaton sunan ƙasar Faransa ne, sunansa ne aka sa. Wanda ya gaje shi, Barlatt-Hughes, shi ma akwai titi da sunansa. Sai a 1940 aka mayar da Sabon Gari ƙarƙashin En'e, ta hannun Wakilin Waje.

Fagge kuwa ta girmi mulkin mallaka, domin tsohon zango ce ta ayarin raƙuman Abzinawa da fataken hamada. A kudancinta aka yanka wa Kwarori filaye, wato mutanen Sham da Labanan, kuma daga nan Kantin Kwari ya samo sunansa. Su Turawa ba su ɗauke su Turawa ba, ba su kuma bar su sun saje da mutanen birni ba, sai aka ajiye su a tsakiya.

Amma baƙon da ya fi tsorata Bature shi ne malami mai gafaka. A 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka yi bore da sunan Mahadi, suka karkashe jami'an Turawa da sojojinsu, aka mayar da martani da shafe garin baki ɗaya. Tun daga nan duk wani sharifi ko mai wa'azi da ya fito daga gabas ko arewa sai an bi sawunsa: daga ina yake, wa ya sauke shi, wane littafi ya kawo. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙara tsananta abin, domin Daular Usmaniyya tana ɓangaren Jamus, ga kuma Kawusan ya kewaye Agadas a ƙarshen 1916, har sai da Ingilishi suka taimaka wa Faransawa. Larabawan Tarabulus mazauna Kano da Buzayen da ke sauka Fagge duk suka shiga cikin waɗanda ake zargi. A 1923 aka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu, tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Bello, a Dumbulwa ta ƙasar Fika, aka kai shi Buea a Kamaru. Sai bayan shekaru fiye da ashirin aka dawo da shi Kano, nan ma ƙarƙashin sa ido. A tsakiyar shekarun 1920 aka tura wani jami'i mai suna Lethem ya bi hanyar alhazai har Sudan da Jidda da Misira don ya gano irin ra'ayoyin da suke kwasowa, kuma shi da Tomlinson suka haɗa rahoto kan abin da suka kira farfagandar siyasar Musulunci a Nijeriya. A wannan zamani ne aka tsaurara batun fasfo ga maniyyata.

Duk da haka, baƙon da ya fi kowa sauya Kano ta babbar ƙofa ya shigo. Sarki Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a aikin hajjin 1937, Shehun ya ziyarci Kano a shekarun 1940, kuma cikin ɗan lokaci almajiransa suka cika birni da Fagge.

Ido kan kasuwa

Abin da ya kawo Turawa tun farko ciniki ne, don haka nan ma ba su yi sake ba. Lugga ya ɗora wa ayarin fatake kuɗin fito, kashi 5 cikin 100 na darajar kaya a kowane lardi da suka ratsa, har zuwa kashi 15. Tashar karɓar kuɗin ta zama wurin ƙidaya: jakuna nawa, goro nawa, kanwa nawa, madugu wane ne, ina aka nufa. An soke wannan haraji a 1907, amma kafin nan gwamnati ta riga ta san jijiyoyin fataucin ƙasar. Sannan aka ture wuri, aka kawo sule da kwabo da anini, aka ce da su za a biya haraji. Manomin da ke neman sulen haraji kuwa dole ya noma abin da kanti ke saye.

Kamfanonin Turawa irin su Kamfanin Neja da John Holt da G.B. Ollivant da na Faransawa an yanka musu filaye kusa da tashar jirgi, a wajen birni. Sikeli yana can, lasin yana can, ma'auni da farashi duk a gaban hukuma. Giyar Turawa kuwa an haramta sayar da ita ga 'yan Arewa, aka bar ta da lasin a bariki da Sabon Gari.

To sai dai a nan ne rahoto ya fara ba su kunya. Turawa sun shimfiɗa dogo zuwa Kano ne da fatan auduga, don masaƙun Lankasha. Manoman Kano da fatakenta suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma in ciniki ya ƙi ana iya cin ta. Tsofaffin fataken goro suka baza yaransu ƙauyuka da kuɗi da gishiri da tufafi suna ƙulla ciniki tun kafin kaka. A 1913 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta haura tan 19,000, har tashar Kano ta rasa inda za ta sa buhuna. Alhasan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro a Gwanja, ya zama babban mai saya wa Kamfanin Neja, daga baya U.A.C. da aka kafa a 1929. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo gwamnati ta karɓe sayen gyaɗa gaba ɗaya, a 1949 kuma aka kafa hukumar cinikin gyaɗa mai yanke farashi da bayar da lasin. Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta, buhuna ne da suka taru suna jiran jirgin da ya kasa kwashe su a kan kari.

Abin da ya tsiro a tsakani

Kifi na ganinka mai jar koma. Mutanen da aka rarraba don a ji daɗin ƙirga su, su ma sun gane cewa a Waje hannun sarki bai cika kaiwa ba, Bature kuma bai san harshen wurin sosai ba. Duk abin da birni ba zai ɗauka ba sai ya sami masauki a nan.

Sinima na cikin na farko. Gwamnati tana da nata majigin, wanda ake yawo da shi a mota ana nuna tsafta da noma da ƙarfin Ingila. Finafinan kasuwa kuwa an yi musu dokar tacewa a 1933, da hukuma a Ikko. A 1937 aka buɗe Rex, gidan sinima na farko da aka gina don wannan sana'a a Kano, a Waje, kuma a farkon lamari an ware ranakun Turawa da Larabawa daban, na baƙar fata daban. Kwarori ne suka riƙe harkar, su ne kuma daga baya suka kawo finafinan Indiya da suka shiga jinin Hausawa. Ran 13 ga Mayu, 1951 sinimar El Duniya ta kama da wuta, mutum 331 suka rasu, abin da ya ƙara wa masu ƙyamar sinima hujja. Da aka gina Palace a cikin birni a farkon shekarun 1950, sai da aka sha rigima. Kallon da ake yi wa fim a matsayin abin bariki, wanda 'yan fim suke fama da shi har yau, daga wannan rabon unguwanni ya samo tushe.

Siyasa ma haka. Jaridar Comet ta su Azikiwe ta koma Kano a 1949, tana buga abin da ba mai iya faɗa a fada. Ran 8 ga Agusta, 1950 wasu matasa takwas, cikinsu da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta, suka kafa jam'iyyar NEPU a Sabon Gari, kafin Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Haɗuwar ɗan birni da baƙo mai jarida, wadda aka shekara kusan arba'in ana gudu, ta auku a daidai wurin da aka ware don hana ta.

Sai dai rabon ya bar mummunan tabo. Jama'ar da suka yi shekaru suna maƙwabtaka, kowa da kotunsa da makarantarsa da shugabansa, a kasuwa kawai suka san juna. A watan Mayun 1953, bayan taƙaddamar neman mulkin kai a majalisar Ikko da yunƙurin tawagar Akintola na yin taro a Kano, faɗa ya ɓarke na kwana huɗu, mafi yawansa a kan iyakar Fagge da Sabon Gari. A ƙidayar hukuma mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. Duk tarin rahotannin Razdan da 'yan sandan ciki bai hana ba. Abin takaici, wannan iyaka ta sake ganin jini fiye da sau ɗaya bayan tafiyar Turawa a 1960.

Da fim ɗin bidiyo na Hausa ya kankama bayan fitowar Turmin Danya a 1990, ba abin mamaki ba ne da kasuwarsa ta yi sansani a Bata, kusa da masu sayar da rikoda da kaset na Sabon Gari da masu jarin Fagge. Ba abin mamaki ba ne kuma da hukuma ta biyo shi da ido, aka dakatar da harkar a ƙarshen 2000, aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. Yau kasuwar kaset da faifai ta mutu, kallo ya koma waya da YouTube, amma muhawarar wa zai sa ido kan wa tana nan.

Ga marubutanmu da masu shirya finafinai da ke kukan ƙarancin labari, fayil-fayil na lardin Kano suna nan jibge a Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, wasu takardun kuma a Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa. A ciki akwai tafintan da ke cin tudu biyu, da bawan da ya wayi gari Waziri, da malamin da aka raba da iyalinsa shekara ashirin saboda zato. Turawa sun rubuta su ne don amfanin mulkinsu, da idonsu da son zuciyarsu, saboda haka mai karantawa sai ya haɗa da abin da tsofaffin Fagge da Sabon Gari da birni suka riƙe a ka, tun kafin su ma su ƙare.